Ra'ayinmu: Idan Makaranta Ta Rufe Wa Ɗan Baƙo Ƙofa

Duk wanda ya taɓa riƙe hannun yaro ya kai shi makaranta ranar farko ya san abin da ke cikin zuciyar uba a wannan safiya. An yi wa yaro wanka, an sa masa rigarsa mai kyau, an saya masa jaka da fensir, uwa ta rako shi har bakin ƙofa. To, a ce an isa ofishin makaranta, akawu ya karɓi takardu ya jujjuya, ya ɗaga kai ya ce ba za a ɗauki yaron ba, wai takardun ba su cika ba. In a garinku ne, abin da sauƙi, gama ko ba ka san hedimasta ba, ka san wanda ya san shi. Amma in a ƙasar wasu ne, harshensu bai zauna a bakinka ba, izinin zamanka kuma da sauran magana a kansa, abin da yawancin iyaye kan yi shi ne su ja hannun ɗansu su koma gida shiru, suna ganin hukuma ta riga ta yanke hukunci.

Wannan shirun shi ne abin da muke so mu yi magana a kansa a wannan fitowa. Mun zaɓi mu dubi ƙasar Amurka saboda dalilai biyu. Na farko, a can ne aka yi shari'ar da ta fi kowace shahara a kan wannan batu, har ta kai Kotun Ƙoli. Na biyu, da wuya a rasa a cikinmu wanda yake da kawu ko yaya ko maƙwabci a can, musamman a unguwannin Bronx da Harlem na birnin New York, inda mutanen zangunan Gana da mutanen Nijar da na Nijeriya suka daɗe da zama, suna tuƙin tasi, suna kasuwanci, suna renon 'ya'yansu. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, maganar akawun makaranta ba hukuncin ƙarshe ba ce. Doka tana bayan yaron. Sai dai doka ba ta da ƙafar da za ta taka ta zo gidan mutum; sai wanda ya san da ita, ya kuma samu mai tsaya masa, shi ne yake cin amfaninta.

Yadda abin ya faro

A shekarar 1975 majalisar dokokin jihar Texas ta gyara dokarta ta ilmi. Ta ce jiha ba za ta ƙara biyan ko kwabo don karatun yaran da suka shigo ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, ta kuma ba gundumomin makarantu ikon su ƙi ɗaukarsu. A nan ya kamata mu yi wa mai karatu bayani cewa a Amurka makarantun gwamnati ba a hannun Gwamnatin Tarayya suke ba. Kusan kowace jiha an karkasa ta gunduma-gunduma, kowace gunduma da hukumar makarantunta da shugabanta, kusan yadda makarantun firamare suke ƙarƙashin ƙananan hukumomi a wajenmu. A shekarar 1977 gundumar wani gari mai suna Tyler ta ce duk yaron da ba shi da takardun zama sai iyayensa sun biya dala 1,000 a shekara kafin ya zauna a aji. Iyayen nan kuwa leburori ne 'yan asalin Meksiko, masu aikin ƙarfi a masana'antu da gonaki. Ɗora musu wannan kuɗi daidai yake da korar 'ya'yansu, kuma kowa ya san haka.

Gidaje huɗu suka ce ba su yarda ba. Da taimakon wani lauyan garin da wata ƙungiyar lauyoyi mai kare haƙƙin 'yan asalin Meksiko da ake kira MALDEF, suka shigar da ƙara a watan Satumba na 1977. Alƙalin kotun tarayya, William Wayne Justice, ya yarda a sakaya sunayensu, shi ya sa ake kiran shari'ar Plyler da Doe: Plyler sunan shugaban makarantun gundumar ne, Doe kuwa suna ne na aro, kamar a ce “wane”. Duk da haka ba wanda ya iya ba su tabbacin cewa fitowarsu fili ba za ta jawo a kore su daga ƙasar ba. An zauna shari'ar farko da sassafe don kauce wa idon jama'a, kuma ɗaya daga cikin gidajen ya zo kotu da kayansa ɗaure a cikin mota, don in an kama su daga nan sai iyaka. Muna roƙon mai karatu ya tsaya ya yi tunani a kan wannan. Mutanen nan ba su da kuɗi, ba su da takardu, ba su da ɗan majalisa, amma suka sa zamansu a ƙasar cikin hatsari don 'ya'yansu su iya karatu da rubutu.

Alƙali Justice ya ba da umurni a mayar da yaran aji, a shekarar 1978 kuma ya yanke hukunci cewa dokar ta saɓa wa tsarin mulki. Jiha ta ɗaukaka ƙara, ta sāke faɗuwa a 1980. Ranar 15 ga Yuni, 1982, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Mai shari'a William Brennan ne ya rubuta ra'ayin masu rinjaye. Hujjarsa ta farko daga gyara na 14 na tsarin mulkin Amurka ta fito, wanda aka yi tun 1868. Wannan gyara ya hana kowace jiha nuna bambanci a gaban doka ga kowane mutum da ke ƙarƙashin ikonta, kuma kalmar da aka yi amfani da ita “mutum” ce, ba “ɗan ƙasa” ba. Baƙo kuwa, ko ta wace hanya ya shigo, mutum ne. Hujja ta biyu, yaro ba shi ya zaɓi a ƙetare iyaka da shi ba, ba shi kuma da ikon gyara abin da iyayensa suka yi, saboda haka ba adalci ba ne a ɗora masa laifin wani. Ta uku, yaran nan da yawansu a ƙasar za su girma su tsufa. Hana su karatu kamar ƙasa ce ta ƙera wa kanta wani rukuni na jahilai da hannunta, wanda za ta yi ta ɗawainiya da shi har abada.

Abin lura, ko Babban Joji Warren Burger, wanda ya jagoranci alƙalai huɗun da suka ƙi, bai ce hana yara karatu dabara ce mai kyau ba. Ya yarda rashin hankali ne, sai dai a ganinsa gyaran aikin majalisa ne, ba na kotu ba. Shi kansa James Plyler, bayan shekaru masu yawa, ya gaya wa 'yan jarida cewa ya yi murna da ya faɗi a shari'ar.

Inda dokar ta tsaya

Ba ma so mu ruɗi kowa, don haka sai mu faɗi iyakar wannan hukunci. Ya shafi makarantun gwamnati ne na firamare da sakandare. Bai shafi jami'a ba, bai kuma shafi makarantun kuɗi ba. Haka nan bai hana makaranta tambayar abubuwa uku ba. Tana da ikon ta nemi shaidar cewa yaro a cikin gundumarta yake zaune, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a wata shari'a ta 1983. Tana da ikon ta nemi shaidar shekarunsa. Tana kuma da ikon ta nemi katin rigakafi kamar yadda dokar jiha ta tanada. Abin da ba ta da iko a kansa shi ne ta mayar da waɗannan tambayoyi tarko na kama baƙi.

Akwai kuma wani kuskure da muke yawan ji a bakin 'yan'uwanmu ɗalibai, watau dogara da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989. Gaskiya ne sashe na 28 na yarjejeniyar ya ba kowane yaro haƙƙin ilmi. Amma Amurka ta sa mata hannu ne kawai a 1995, majalisarta ba ta amince da ita ba. Wanda ya je ofishin makaranta a Texas yana kaɗa wannan takarda bai riƙe makami ba. Makaminsa shi ne hukuncin 1982 da dokokin ƙasar kanta.

Sabon salon rufe ƙofa

Tun daga 1982 da wuya ka ji makaranta ta fito fili ta ce ba ta ɗaukar 'ya'yan baƙi. Da takarda ake korar mutum, cikin ladabi da murmushi. A ce wa uba ya kawo lasisin tuƙi na jihar, alhali an san ba zai iya samunsa ba. A ce sai lambar nan mai alƙaluma tara da gwamnati ke ba ma'aikata don haraji da fansho, wadda suke kira Soshal Sikyuriti. A ce takardar haihuwa ta ƙasar waje ba ta karɓuwa. A ce sai takardar haya mai ɗauke da sunan uban, alhali ɗaki guda ya samu a gidan ɗan'uwansa. Ko kuwa a ce masa ya dawo mako mai zuwa, in ya dawo a ce wanda ke kula da abin ba ya nan, har zangon karatu ya ƙare.

Wannan ba zargi ba ne na fatar baki. A shekarar 2011, da kuma 2014, Ma'aikatar Shari'a da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya suka aika wa gundumomi wasiƙar haɗin gwiwa suna tuna musu cewa ba a hana yaro shiga don ba shi da waccan lamba, ko don takardar haihuwarsa ta waje ce, ko don iyayensa ba su da lasisin tuƙi. Da ba a aikata abin, da ba a rubuta wasiƙar har sau biyu ba. A jihar New Jersey ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta ACLU ta kai gundumomi ƙara a 2014 da 2018 saboda tilasta wa iyaye kawo irin waɗannan katuna. A jihar New York, binciken Babban Lauyan Jiha ya sa gundumomi 20 suka yarda a farkon 2015 su cire tambayoyin izinin zama daga takardun shiga makaranta.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne samari da 'yan mata da suka iso da shekara 16 zuwa sama. Sau da yawa akan ce musu sun yi girma, ko a tura su wani ajin koyon Turanci wanda ba ya kai mutum ga takardar shaidar gama sakandare. A garin Utica na jihar New York an kai ƙara kan haka a 2015, aka sasanta a 2016. A garin Lancaster na jihar Pennsylvania wasu 'yan gudun hijira shida, har da 'yan Sudan da Somaliya da Kwango, suka kai ƙara a 2016, suka yi nasara, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar musu a farkon 2017. A jihar New York doka ta ba wanda bai gama sakandare ba damar zama a makarantar gwamnati har ya kai shekara 21. Kowace jiha da nata ƙa'idar shekaru, kuma wajibi ne iyaye su bincika ta jiharsu kafin su yarda an ce ɗansu ya wuce lokaci.

Abin da iyaye za su yi

Na farko, kada a bar ofishin da maganar baki kawai. A nemi a rubuta dalilin ƙin ɗaukar yaron, da sunan wanda ya yanke shawarar, da kwanan wata. In an ƙi rubutawa, uba ya rubuta da kansa a ɗan littafi: ranar da ya je, ƙarfe nawa, wa ya gani, me aka ce masa, wace takarda aka nema. Ma'aikacin da ke korar mutum da baki yakan yi nauyin hannu in aka ce ya sa abin a rubuce, domin ya san takarda tana iya zuwa gaban shugabansa ko gaban alƙali. Kada kuma a bar takardun asali a hannun kowa. A ba da kofe, a riƙe na ainihi.

Na biyu, a nemi tafinta. Wannan ba alfarma ba ce. Dokar haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya nuna bambanci saboda asalin ƙasar mutum, kuma a kan wannan doka ne Kotun Ƙoli ta dogara a 1974, a shari'ar yara 'yan asalin Sin kusan 1,800 na birnin San Francisco, ta ce ba daidai ba ne a zaunar da yaro a aji ana koyar da shi da harshen da ba ya ji ba tare da wani taimako ba. Daga nan ne aka fahimci cewa wajibi ne makaranta ta sanar da iyaye muhimman abubuwa da harshen da suke fahimta. Uba ya ce Hausa yake ji, ko Zabarmanci, ko Faransanci, a nemo masa. Kada a mayar da yaron da ake neman wa gurbi tafinta a kan maganar da ta shafi makomarsa, kada kuma a sa hannu a takardar da ba a fahimta ba.

Na uku, a tambayi waɗanne takardu ne ke iya tsayawa a madadin wadda aka rasa. Shaidar wurin zama ba takardar haya kaɗai ba ce. Takardar kuɗin wuta ko na ruwa, wasiƙar da wata hukuma ta aiko gidan, ko takardar rantsuwa daga mai gidan da ake zaune a wurinsa, gundumomi da yawa suna karɓarsu. Shaidar shekaru kuma, ban da takardar haihuwa, akwai fasfo, da takardar asibiti, da takardun makarantar da yaron ya baro. In katin rigakafi ne ya ɓace a hanya, asibitocin lafiyar jama'a suna yi wa yara allura, kuma jihohi da yawa suna barin yaro ya fara karatu yayin da yake kammala sauran.

Na huɗu, in iyali ba su da matsuguni nasu, akwai wata doka ta musamman da ta fi kowace saurin aiki, watau dokar McKinney-Vento ta 1987. A ƙarƙashinta, ba mai kwana a titi kaɗai ake kira marar matsuguni ba. Wanda ke zaune a gidan saukar marasa galihu, ko a ɗakin otel, ko ya raɓa a gidan wani saboda rashin hali, duk suna ciki. Wannan ya shafi mutanenmu ƙwarai, gama sabon zuwa a wajen ɗan'uwa yake sauka. Dokar ta ce a ɗauki irin wannan yaro nan take ko da ba shi da takarda ko ɗaya, a nemi takardun daga baya. Ta wajabta wa kowace gunduma ta ajiye jami'i guda mai kula da waɗannan yara. In kuma aka samu saɓani, yaron yana aji ake warware shi, ba yana gida ba. Sau da yawa ambaton sunan wannan doka da neman ganin wannan jami'i ya isa ya buɗe ƙofa.

Na biyar, in ƙasa ta ƙi, a hau sama. Sama da akawu akwai shugaban makaranta, sama da shi akwai ofishin gunduma, sama da gunduma akwai ma'aikatar ilmi ta jiha da ofishin Babban Lauyan Jiha. A rubuta wasiƙa gajera, a faɗi sunan yaro da shekarunsa da ranar da aka ƙi shi da dalilin da aka bayar, a ajiye kofe. A jihar New York ƙa'idar da aka kafa a ƙarshen 2014 ta ce a fara ɗaukar yaro washegari ko da zarar hali ya yi, sa'an nan a duba takardunsa cikin kwanakin aiki uku, wanda kuma bai gamsu ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka kukansa zuwa ga Kwamishinan Ilmi. A matakin tarayya akwai Ofishin Haƙƙin Jama'a na Ma'aikatar Ilmi, wanda ke karɓar ƙorafi kyauta cikin kwana 180, ba sai da lauya ba. Amma a watan Maris na 2025 an rage ma'aikatansa ƙwarai, aka rufe bakwai daga cikin rassansa goma sha biyu, don haka ba hikima ba ce a rataya duk fata a kansa.

Na shida, kada a tafi shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai ƙungiyoyin lauyoyi masu aiki kyauta, irin su MALDEF da ACLU da muka ambata, da Advocates for Children a birnin New York, akwai kuma African Services Committee a Harlem, wadda ta daɗe tana hidimar baƙi 'yan Afirka. Ko maƙwabci ne mai jin Turanci ya raka mutum ya tsaya a gefensa yana rubuta abin da ake faɗa, maganar takan canja salo. Iyakar gargaɗinmu, a guji masu karɓar kuɗi da sunan za su “gyara” takardu, kada kuma a kuskura a ba da adireshin ƙarya ko takardar jabu. Gaskiyar da ke hannun mutum ta ishe shi, ƙarya kuwa ita ce ke ba mai neman korarsa hujja.

Maganar tsoro

Mun san abin da mai karatu zai ce: duk wannan da daɗin faɗa ga wanda yake zaune a ɗakin kwanan ɗalibai, ba ga wanda in ya ɗaga murya za a iya sa shi a jirgi ba. Gaskiya ne, kuma ba za mu raina wannan tsoro ba. Tun 2011 akwai wata ƙa'ida da ta hana jami'an shige da fice yin kame a makarantu sai da dalili mai ƙarfi, an kuwa soke ta a watan Janairu na 2025. Wanda ya ce babu abin tsoro bai faɗi gaskiya ba.

Amma akwai abubuwan da ya kamata a auna. Ba dole ba ne uba ya amsa tambayar makaranta a kan izinin zamansa. Yana iya barin gurbin ba tare da ya rubuta kome ba. Wata dokar tarayya ta 1974 ta hana makarantu ba da bayanan ɗalibai barkatai ba da yardar iyaye ko umurnin kotu ba, ta kuma ba iyaye damar su rubuta cewa ba su yarda a fitar da ko sunan ɗansu da adireshinsa ba. Hukumomin makarantun manyan birane irin su New York da Chicago sun sanar da cewa ba sa barin jami'an shige da fice su shiga sai da takardar izini mai sa hannun alƙali. Ban da haka, kowace jiha tana da dokar tilasta karatu, saboda haka ajiye yaro a gida shi ma yana da nasa hatsari. Babbar hasara kuwa ita ce ta yaron. Shekarar da ta wuce shi yana ɗaki ba ta dawowa, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tsoro shi ne babban makamin masu son rufe ƙofa, kuma jihar Alabama ta nuna haka. A 2011 ta yi doka ta ce makarantu su riƙa binciken izinin zaman sababbin ɗalibai. Dokar ba ta ce a kori kowa ba, amma ranar Litinin ta farko bayan ta fara aiki, yara 'yan asalin Latin Amurka fiye da 2,000 ba su zo makaranta ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da wannan sashe a 2012. Kafin nan, a 1994, masu zaɓe a jihar California sun amince da wata shawara mai lamba 187 don hana waɗannan yara karatu, kotu ta hana ta aiki. A 2025 hukumar ilmi ta jihar Oklahoma ta nemi a riƙa tambayar shaidar zama ɗan ƙasa, gwamnan jihar da majalisarta suka ƙi. A 2025 ɗin dai majalisar dattawan jihar Tennessee ta amince da wani ƙuduri da masu shi suka faɗa a fili cewa nufinsu a koma Kotun Ƙoli a rushe hukuncin 1982, amma ya tsaya a majalisar wakilai. Jihar Illinois kuwa ta ɗauki hanya ta dabam, ta sa wannan haƙƙi cikin dokarta a 2025. Darasin a nan shi ne, hukuncin da aka samu da rinjayen ƙuri'a ɗaya ba dutse ba ne. Haƙƙin da masu shi suka daina nema, shi ne ya fi sauƙin ƙwacewa.

Namu aikin

To, ina ruwan ɗalibin jami'a da ke nan gida da wannan duka? Ruwansa babba ne. Mu ne waɗanda dangi suka sa a makaranta, mu ne ake kira a waya in takarda ta zo da Turancin da ya gagari mutane. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma yawancin iyayen da ke komawa gida da 'ya'yansu ba ƙarfin hukuma ne ya kayar da su ba, rashin sanin cewa suna da gaskiya ne. Wanda yake da ɗan'uwa a can ya karanta masa wannan bayani, ya taimaka masa rubuta wasiƙa, ya bincika masa ƙa'idar jiharsa a intanet. Muna kuma kira ga ƙungiyoyin Hausawa da ke ƙasashen waje, waɗanda ba su gajiya wajen tara gudummawar biki da ta jana'iza, su ware mutum ɗaya ko biyu masu ilmi waɗanda aikinsu shi ne raka sababbin zuwa ofishin makaranta. Masu nazarin harshe da masu karatun lauya a cikinmu kuma, ga aiki ya same su: a fassara waɗannan ƙa'idoji cikin Hausa mai sauƙi, a rubuce da kuma a murya, don wanda ba ya karatu ma ya ji.

Daga ƙarshe, ba zai kyautu mu leƙa gidan wasu mu manta da namu ba. Mun san ɗacin baƙunci ta fuska biyu. A 1969 Gana ta kori baƙi, mutanenmu da yawa suna ciki; a 1983 Nijeriya ta yi irin wannan kora, 'yan Gana suka fi kowa shan wahala. A 'yan shekarun nan rikici ya kai 'ya'yanmu Diffa da Maraɗi a Nijar da sansanin Minawao a Kamaru, inda suka zama su ne baƙin da ke neman gurbi a ajin wasu. Da yawa daga cikinmu gobe za mu zama malamai da hedimastoci da jami'an ilmi. Wata rana wani uba zai tsaya a gaban teburinmu riƙe da hannun ɗansa, Hausarsa ba ta nuna ba, takardunsa ba su cika ba. Abin da muke nema wa 'ya'yan 'yan'uwanmu a Bronx, shi ne ya wajaba mu yi wa wannan yaro: a ba shi benci tukuna, maganar takarda ta biyo baya.

Allah ya sa mu zama masu buɗe ƙofa, amin.